Sarkin da Ya Rasa Wurin Zuwa

Duk wanda ya fara koyon ches, darar nan mai gidaje 64 da sarakuna biyu, akwai wata rana da ke jiransa. Zai shafe rabin sa'a yana cinye 'ya'yan abokin karawarsa ɗaya bayan ɗaya, har ya bar shi da sarki tilo a lungu. Shi kuwa ga sarauniya a hannu, ga hasumiya, ga dakaru biyu ko uku suna kan hanya. Sai ya ɗaga sarauniyar ya ajiye ta dab da sarkin, yana jiran a ce ya ci. Nan take wayar za ta rubuta masa cewa an tashi canjaras, rabin maki nasa, rabin maki na mutumin da bai da komai.

Turawan Ingila suna kiran wannan hali sitalmet, Faransawa da Rashawa kuwa pat. Ni a nan zan kira shi cijewa, domin abin da ke faruwa ke nan: wasa ya cije, ba gaba ba baya. Dokar gajeriya ce. Idan taku ya zo kan ɗan wasa, sarkinsa ba ya ƙarƙashin kashedi, wato babu ɗan da ke kai masa hari a gidan da yake tsaye, kuma ba shi da wani taku halastacce da zai yi, ko da sarkin ko da wani ɗa daban, to wasa ya ƙare kunnen doki. A ches ba a yarda ka ce ka yafe takunka ba, ba a kuma yarda sarki ya shiga gidan da za a ci shi ba. In dokokin biyu suka haɗu a kan mutum ɗaya, sai allon ya kulle.

Tsakanin cijewa da mat, wato kamun sarki wanda shi ne cin wasa, bambancin abu ɗaya ne tak. A dukkansu sarki ba shi da mafita. A mat ana kai masa hari a inda yake, a cijewa kuwa an toshe duk ƙofofin gidan amma ba a taɓa mai gidan ba.

Me ya sa abin ke yi mana ciwo haka

Tun da Tunde Onakoya ya zauna a dandalin Times Square na birnin Niyok a watan Afrilun 2024 ya buga ches na sa'o'i 60 a jere, na ga wasan ya shiga wayoyin mutanen da a da ba ruwansu da shi. A ɗakin labaran da nake aiki, mutum uku suka sauke manhajar Lichess ko Chess.com a mako guda. Kafin wata ya cika, kowannensu ya zo mini da ƙorafi iri ɗaya, har ɗaya ya rantse cewa manhajar ce ta lalace. Wani ƙanena kuma goge ta ya yi ɗungurungum bayan abin ya same shi sau uku a dare ɗaya, ya ce ba zai ɓata lokacinsa a wasan da ake saka wa wanda aka fi ƙarfi ba.

Na fahimci fushinsu, domin mafi yawanmu daga diraf muka zo, wanda ake bugawa a gindin bishiya da bakin shaguna. A diraf, in ka toshe abokin karawarka ya rasa inda zai taka, ka ci shi. Haka ma abin yake a darar mutanen Sin da ake kira shiyanki: wanda ya rasa taku shi ne ya faɗi. Saboda haka hankalin da muka zo da shi yana gaya mana cewa matse abokin gaba har ya kasa motsi ita ce ƙololuwar nasara. Ches ta ce a'a. Ita nasara ɗaya ta sani a kan allo, ita ce kama sarki. Yawan 'ya'ya hanya ce kawai ta zuwa can.

Doka ce da ta daɗe tana yawo

Abin da zai ɗan sanyaya wa sabon ɗan wasa rai shi ne, magabata ma sun yi ƙarnoni ba su daidaita a kan wannan batu ba. Wasan ya taso daga Indiya, ya bi ta Farisa, ya shiga hannun Larabawa da sunan shaɗaranji. A wancan zamani ɗan da muke kira sarauniya waziri ne mai rauni, gida ɗaya kacal yake takawa a karkace. Kamun sarki yana da wuya ƙwarai da irin waɗannan 'ya'ya, don haka aka ɗauki cinye wa mutum rundunarsa kaf a matsayin nasara, kuma a wurin mafi yawan masu shaɗaranji wanda ya cije abokin karawarsa shi ya ci.

A ƙarshen ƙarni na 15 aka ba sarauniya ƙarfin da take da shi yanzu a Turai, kamun sarki ya zo da sauƙi, sai ra'ayi ya rarrabu. Ingila ce ta fi kowa zaƙewa: a ƙarni na 17 da na 18, wanda ya cije abokin karawarsa a can shi ne ake cewa ya faɗi. Sai a ƙarni na 19 aka haɗu a kan canjaras, kuma a kan haka hukumar ches ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a birnin Faris a 1924, take tafiya har yau. Duk da haka gardama ba ta mutu ba. Emanuel Lasker, wanda ya riƙe kambun duniya daga 1894 zuwa 1921, yana cikin waɗanda suka nemi a ba wanda ya cije abokin karawarsa maki fiye da rabi.

Ni dai ina tare da dokar yadda take, kuma dalilina zai fito a cikin misalan da ke tafe. Domin bin su, a tuna cewa layukan tsaye na allon suna da haruffa daga a zuwa h, sahun kwance kuma suna da lambobi daga 1 zuwa 8, ana ƙirgawa daga ɓangaren Fari. Gidan h8 shi ne lungun dama na can sama. In da allo kusa, a jera 'ya'yan a gani da ido, ya fi karatu amfani.

Tarko na farko: sarauniya da sarkin lungu

Kusan duk cijewar da sababbi ke faɗawa, a nan take faruwa. A sa sarkin Baƙi a h8, a sa sarauniyar Fari a f7, taku kuma na Baƙi ne. Gidaje uku ne ke maƙwabtaka da shi: g8, g7 da h7. Sarauniyar tana ganin dukkansu, amma ba ta ganin h8 ɗin kansa. Wasa ya cije. A mayar da ita g6, sakamakon bai canza ba.

Abin lura shi ne, daga f7 ko g6 zuwa h8 tsallen doki ne. Kuma abin da ke ruɗa mai koyo shi ne, wannan tazara ta tsallen doki ita ce dabarar da ake koya masa don kora sarki daga tsakiyar allo zuwa gefe: ka riƙa ajiye sarauniya tsallen doki daga sarkin, ba tare da kashedi ba, shingen da yake ciki zai yi ta ƙanƙancewa. Dabarar tana aiki sarai har sai sarkin ya shiga lungu. Daga nan taku ɗaya na ƙari shi ne ɓarna.

Maganin shi ne ka san inda za ka tsaya. In sarkin ya isa h8, ka bar sarauniyarka a wuri kamar e7. Ta rufe sahu na bakwai gaba ɗaya, ta bar masa gidaje biyu, g8 da h8, yana kai da komo a tsakaninsu. Kada ka sake taɓa ta. Yanzu aikin sarkinka ne: ka taho da shi taku-taku har g6. Da ya iso, sarauniya ta hau e8, an gama. Sarauniya ita kaɗai ba ta kama sarki komai ƙarfinta, sai da taimakon nata sarkin. In an buga daidai, wannan aiki ba ya wuce taku 10 daga kowane irin matsayi. Da hasumiya kuwa ba ya wuce 16.

Tarko na biyu: dakare a bakin ƙofa

Dakare shi ne ƙarami a allon, amma in ya kai sahu na takwas yakan zama sarauniya, shi ya sa wasanni da yawa ke ƙarewa da sarki da dakare ɗaya a kan sarki tilo. A sa sarkin Fari a e6, dakarensa a e7, sarkin Baƙi a e8, taku na Baƙi. Dakaren ya tsare d8 da f8, sarkin Fari ya tsare d7 da f7, yana kuma kare dakaren. Baƙi ba shi da wurin zuwa, ba kuma a kai masa hari. Canjaras, alhali saura gida ɗaya a yi sarauniya.

Yadda ake faɗawa nan yana da ban sha'awa. A ce sarkin Fari yana d6, dakarensa yana e6. In sarkin Baƙi yana d8, Fari ya tura dakaren e7 da kashedi, Baƙi zai koma e8, sai Fari ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ya bar dakaren a cinye, ko ya matso e6 wasa ya cije. Amma in sarkin Baƙi yana e8 ne lokacin da dakaren ya hau e7 shiru ba kashedi, dole ya fita zuwa f7, sarkin Fari ya hau d7, sarauniya ta tabbata. Gida ɗaya ne ya raba ci da canjaras. Daga nan aka samo ƙa'idar da ya kamata kowa ya haddace: sarki ke shiga gaba, dakare ya biyo baya. Idan sarkinka ya kai sahu na shida yana gaban dakarensa, ka ci wasa ko takun wa ne, muddin dakaren ba na gefen allo ba ne.

Na gefen, wato na layin a ko h, hukuncinsa daban. In sarkin Baƙi ya riga ka isa lungu, babu mai fitar da shi. Dakare a h7, sarkinka a g6, nasa a h8: cijewa ce. Ko da kana da giwa, ɗan nan mai tafiya a karkace wanda Turawa ke kira bishop, ba za ta amfane ka ba in ba ta taka launin gidan lungun. Giwar farin gida ba ta da ta cewa a h8, domin baƙin gida ne.

Wannan ya taɓa faruwa a gasa mafi girma. A 1978, a birnin Baguio na ƙasar Filifin, Viktor Korchnoi ya ƙalubalanci Anatoly Karpov a kan kambun duniya. A wasa na biyar Korchnoi ya rage da giwa da dakaren layin a, giwar kuma ba ta taka launin a8. Ya yi ta juyi yana neman kafa, daga ƙarshe a taku na 124 ya cije sarkin Karpov. Wannan wasa shi ya riƙe tarihin tsawo a gasar kambun duniya har 2021, lokacin da Magnus Carlsen da Ian Nepomniachtchi suka buga taku 136 a Dubai.

Tarko na uku: kwaɗayin sarauniya

Hannu yakan riga tunani in dakare ya isa sahu na ƙarshe, domin kowa sarauniya yake so. A sa sarkin Fari a c6, dakare a c7, sarkin Baƙi a a7. In dakaren ya hau c8 ya zama sarauniya, ta rufe a8 da b8 da a6, sarkin Fari ya rufe b6 da b7, wasa ya cije nan take. In kuwa hasumiya ka zaɓa, gidan a6 yana nan a buɗe, dole sarkin ya shiga, sai hasumiyar ta koma a8 ta kama shi. Ɗan da ya fi rauni ya ci wasan a taku biyu, wanda ya fi ƙarfi ya zubar da shi a taku ɗaya.

Shahararren misalin wannan shi ne matsayin da ake jingina wa Fernando Saavedra, wani limamin coci ɗan Sifaniya da ke zaune a Gilasgo. A 1895 wata jaridar garin ta buga matsayin a kan cewa canjaras ne, domin in Fari ya yi sarauniya, Baƙi zai miƙa hasumiyarsa a ci, wasa ya cije. Saavedra ya nuna cewa in Fari ya yi hasumiya maimakon sarauniya, shi ke da nasara. Da wannan taku guda sunansa ya zauna a littattafan ches har yau.

Akwai wani nau'in kwaɗayin da ya fi wannan yawa a tsakanin sababbi. Mutum yana da sarauniya, maimakon ya gama aiki sai ya tafi yin ta biyu da ta uku, yana kuma tsince sauran dakarun abokin karawarsa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kowace sarauniya da ka ƙara tana rufe gidajen da kai kanka ba ka lissafa ba, kowane dakare mai motsi da ka cinye kuma ka cire wa kanka kariya ne, domin muddin abokin karawarka yana da ɗa guda da zai iya takawa, wasa ba zai cije ba. Sai dai a kula: dakaren da wani ya tare wa hanya ba ya cikin lissafi. Mutum zai iya samun 'ya'ya biyar a allo wasa ya cije, in duk a toshe suke. Sam Loyd, gwanin ƙirƙirar wasa-ƙwaƙwalwa na Amurka, ya taɓa tsara wasan da ke cijewa a taku 10 kacal, Baƙi yana da tarin 'ya'ya amma ko ɗaya ba ya iya motsi.

In kai ne a ƙasa

Dokar da ke ƙona ran mai ƙarfi ita ce igiyar da mai rauni ke kamawa. A gasar Amurka ta 1963 zuwa 1964, wadda Bobby Fischer ya lashe da cin wasanni 11 cikin 11, Larry Evans ya shiga halin da kowa ya ɗauka ya faɗi a hannun Samuel Reshevsky. Sai ya lura cewa sarkinsa da dakarunsa duk a toshe suke, abin da ya rage masa mai motsi sarauniya ce da hasumiya. Ya miƙa sarauniyar da kashedi, aka cinye. Ya bi da hasumiyar, ita ma da kashedi. In Reshevsky ya ci ta wasa ya cije, in ya ƙi kuma za ta yi ta bin sarkinsa da kashedi ba iyaka. Aka tashi canjaras. Reshevsky ba ɗan koyo ba ne, yana cikin manyan 'yan wasan duniya na zamaninsa.

Haka nan dakare ɗaya zai iya tsayawa gaban sarauniya. In Baƙi yana da dakare a c2, sarkinsa a b1, sarkin Fari kuma yana nesa, sarauniya za ta yi kashedi daga b3 da nufin tilasta wa sarkin ya tare gaban dakarensa. Shi kuwa sai ya koma a1 ya bar dakaren. In ta ci, wasa ya cije.

Wannan ne ya sa nake ganin a bar dokar. Da za a mayar da cijewa nasara, da dakare ɗaya na ƙari ya isa ya yanke hukunci a mafi yawan wasanni, da duk wannan lissafi na gida ɗaya da taku ɗaya ya tafi. Cijewa ce ke tilasta wa mai rinjaye ya nuna cewa ya iya gama abin da ya fara, ita ce kuma ke ba wanda aka rinjaya dalilin ci gaba da tunani har taku na ƙarshe. Shi ya sa nake gaya wa duk sabon ɗan wasa kada ya yi saurin miƙa wuya. A matakinmu, abokin karawarka bai ci ba sai ya nuna ya san hanyar lungu.

Tambaya guda kafin ka saki ɗa

Duk abin da ke sama yana komawa ga ɗabi'a ɗaya. In abokin karawarka ya rage da sarki tilo, ko sarki da dakarun da aka toshe, kafin ka saki kowane ɗa ka tambayi kanka: in na taka nan, shi ina zai taka? Ka nemo gidan da idonka, ka ambaci sunansa a zuci. In takunka kashedi ne, babu fargabar cijewa. In ba kashedi ba ne kuma ka kasa nuna gida ko ɗaya, mayar da hannunka. Wannan ba ya cin daƙiƙa uku.

Kada kuma tsoro ya mayar da kai mai kashedi a kowane taku. Kashedi barkatai yana kora sarki ne daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da an kama shi ba, ga kuma wata doka na jira: in aka yi taku 50 kowane ɓangare ba a ci ɗa ba, ba a kuma motsa dakare ba, abokin karawarka yana da ikon neman canjaras. Takun shiru ne ke gina shinge, kashedi na ƙarshe ne ke rufe shi.

Sai batun agogo. A aikinmu na jarida mun san cewa kuskure ya fi son mintunan ƙarshe kafin a rufe shafi, haka yake a allo. Mafi yawan cijewar da na gani a wayoyin abokan aikina ta faru ne saura daƙiƙa goma ko ƙasa da haka, mutum yana jera taku tun kafin ɗayan ya taka. Mai koyo ya fi dacewa da wasan minti 10 ko 15 wanda ake ƙara wa ɗan wasa daƙiƙu bayan kowane taku, ya bar wasan minti ɗaya ga waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan mako ka ware minti 10 kullum, ka jera sarki da sarauniya a kan sarki tilo, ka buga da kwamfuta har sai ka kama shi sau goma a jere ba tare da wasa ya cije ba. Daga nan ka koma kan hasumiya, sannan sarki da dakare, ka buga ɓangaren Fari, ka juya allon ka buga na Baƙi. Wanda ya taɓa zama a lungu yana addu'ar sarauniya ta sauka a f7, shi ya fi kowa sanin kada ya ajiye tasa a wurin.